Yadda ake sa manhajar karanta allo ta faɗi abin da madannai suka aikata

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai larurar gani ce, ina aiki da NVDA a kan Windows, a wurin aikinmu kuma akwai kwamfuta ɗaya mai JAWS. Damuwata ita ce idan na danna Control da S, ko Control da C, ko wasu madannan da manhajar aikinmu take da su, shiru nake ji. Ba na sanin ko abin ya yiwu sai na zagaya na duba. An ce mini ana iya rubuta wa manhajar karanta allo umarni ta riƙa magana. Ba na tsoron koyo, amma ban taɓa rubuta irin wannan abu ba. Ta ina zan fara, kuma zan iya sa ta faɗi kalmomin da ni na zaɓa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwarai kuwa ana iyawa, a manhajojin karanta allon biyu, NVDA da JAWS, duka, kuma kalmomin da kika ga dama su za ta faɗa. Sai dai tambayarki ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata mu raba tun yanzu. Akwai sa manhaja ta yi magana idan kin danna madanni, wannan layi biyu ne kawai na rubutu. Akwai kuma sa ta faɗi gaskiyar abin da ya faru bayan kin danna, kuma a nan aikin yake. Ke na biyun kike nema, tunda kin ce zagayen dubawa ne ya ishe ki.

Dalilin shirun

Manhajar karanta allo ba kallon allon take yi ba. Labari take samu daga Windows da kuma manhajar da kike ciki, ta wasu hanyoyin sadarwa da aka tanada domin haka, irin su MSAA da IAccessible2 da UI Automation. Idan kin koma wani akwati, ana sanar da ita. Idan taga ta buɗe, ana sanar da ita. Amma idan kin danna Control da S, madannin wucewa yake yi kai tsaye zuwa manhajar aiki, ita kuma ta ajiye fayil ɗin ta yi gum. Mai gani zai lura wata alama ta ɓace a saman taga, ko wani rubutu ya gifta a ƙasa. Ba wanda ya aika wa NVDA labarin wannan, don haka ba ta da abin faɗa.

Inda kika ji tana magana, wani ne ya zauna ya rubuta mata. Misali, a Microsoft Word idan kin danna Control da B, NVDA tana faɗa miki an kunna kaurin rubutu ko an kashe. Ba Word ce ta faɗa ba. Masu NVDA ne suka rubuta ɗan umarni, wanda 'yan harkar ke kira sikirif, da yake tare madannin, ya miƙa shi ga Word, ya ɗan jira har yanayin rubutun ya canza, sannan ya tambayi Word halin da ake ciki ya faɗa. Ki riƙe wannan jeri: a miƙa madanni, a jira, a duba, sannan a yi magana. Duk sikirif mai kyau na irin wannan aiki haka yake tafiya.

Kafin ki rubuta komai

Akwai abin da saiti kaɗai yake magancewa. Idan kin danna madannin NVDA, wato Insert ko Caps Lock, tare da 4, za ta riƙa faɗin sunan haɗin madannan umarni da kika danna. Wannan yana tabbatar miki yatsunki sun faɗa daidai, amma ba ya gaya miki an ajiye ko ba a ajiye ba. Idan kuma so kike ki sauya wa wani umarnin NVDA madanni, akwai Input Gestures a ƙarƙashin Preferences, ba sai an rubuta komai ba. Idan wata jimla ce take faɗa mai tsawo kina so ki gajarta, ƙamus ɗin furuci na NVDA yana musanya kalma da wadda kika zaɓa. Game da kwafi da yanka da mannawa kuwa, tuni akwai ƙari, wato ƙaramin shirin da ake ɗora wa NVDA, mai suna Clipspeak da yake sanar da su. Tun daga fitowar 2023.2, NVDA tana da rumbun irin waɗannan ƙarin a cikin menu na Tools, ki fara leƙa can.

Abin da ya rage bayan wannan, wato madannan manhajar aikinku da ba wanda ya san su sai ku, shi ne yake buƙatar ki rubuta da kanki.

Shirya wurin aiki a NVDA

An gina NVDA da harshen Python tun da Michael Curran ya fara ta a 2006 a Ostireliya, kuma tun daga 2019.3 Python 3 take amfani da shi. Duk misalin da kika tsinta wanda ya girmi wannan lokaci, ki yi hattara da shi. Akwai gida biyu da sikirif yake zama. Na farko shi ne appModule, wanda yake aiki a cikin manhaja ɗaya tak. Na biyu globalPlugin, wanda yake aiki ko'ina. Ki fara da na farko, zan zo kan dalili.

Ki shiga Settings, sashen Advanced, ki amince da gargaɗin da ke wurin, ki kunna zaɓin da ya ba da damar loda rubutu daga scratchpad, wato foldar gwajin sikirif. Akwai maɓalli nan kusa da zai buɗe miki foldar, a ciki za ki tarar da wata folda mai suna appModules. Sunan fayil ɗinki dole ya zama sunan manhajar. Ki shiga manhajar aikin ki danna NVDA da Control da F1, za ta faɗa miki sunan. A ce ta ce rajista.exe, to fayil ɗinki rajista.py ke nan.

Abu ɗaya da nake fara koya wa duk wanda ya zo mini da wannan: Python yana ɗaukar giɓin farkon layi da muhimmanci, kuma kunne ba ya jin giɓi sai an ce a faɗa. A sashen Document Formatting akwai zaɓin sanar da giɓin layi, da magana ko da sauti. Ki zaɓi sauti, yana ƙara tsini gwargwadon zurfin giɓin, ba ya cika kunne. Kuma ki tsaya a kan Tab kaɗai, kada ki gauraya shi da Space. Yawancin sikirif ɗin masu farawa da nake gyarawa, a nan suke karyewa.

Ga na farko:

```
import appModuleHandler
import ui
from scriptHandler import script

class AppModule(appModuleHandler.AppModule):

	@script(description="Ajiye aiki", gesture="kb:control+s")
	def script_ajiye(self, gesture):
		gesture.send()
		ui.message("An ajiye")
```

Ki ajiye shi, ki danna NVDA da Control da F3 don ta sake loda rubutun ba tare da kin kashe ta ba. Layin da ya fara da alamar @ shi ne ya ɗaure aikin ga madanni. Dole sunan aikin ya fara da script_. Layin gesture.send shi ne yake miƙa madannin ga manhajar aiki. Idan kin manta shi, NVDA za ta haɗiye madannin, ta ce miki an ajiye, alhali manhajar ba ta ma san kin danna komai ba. Shi kuma ui.message yana aika saƙon ga murya da kuma na'urar birel idan kina da ita. Bayanin da kika sa a description shi za ki ji idan kin kunna taimakon madannai da NVDA da 1, kuma da shi ne sikirif ɗin zai bayyana a Input Gestures har ki iya sauya masa madanni daga baya.

Inda wannan sikirif yake ƙarya

Yana aiki, kuma za ki ji daɗin sa a ranar farko. Amma ki lura, bai duba komai ba. Kamar ɗan aike ne da ya jefa saƙo ta kan katanga ya dawo ya ce ya kai. Idan faifan ya cika, ko hanyar sadarwar ofis ta yanke, ko wani ya kulle fayil ɗin, zai dai ce "An ajiye". A ganina wannan ya fi shirun da kike kuka da shi muni. Shiru yana sa ki duba. Tabbacin ƙarya kuwa yana sa ki rufe taga ki tashi da kwanciyar hankali.

Saboda haka sai a nemo shaida, wato wani abu da yake canzawa idan aikin ya yiwu kuma NVDA tana iya karanta shi. Wannan bincike ne da ke za ki yi da kunnenki, tunda manhajar tana gabanki. Ki rubuta wani abu, ki danna NVDA da T ki ji taken taga. Ki ajiye, ki sake ji. Manhajoji da yawa suna sa alamar tauraro a take idan akwai abin da ba a ajiye ba, su cire ta bayan an ajiye. Idan muryar ba ta faɗin alamar, ki danna T ɗin sau biyu da sauri ta karanta miki harafi-harafi. Idan take bai canza ba, ki gwada layin bayani na ƙasan taga da NVDA da End, ko NVDA da Shift da End a tsarin laftof. Idan akwati ne mai kunnawa da kashewa, NVDA da F1 zai buɗe miki cikakken bayanin abin da kike kai: sunansa, nau'insa, da yanayinsa.

A ce tauraron ne. Sai ki ƙara import api da import core a sama, aikin ya koma haka:

```
	def script_ajiye(self, gesture):
		taga = api.getForegroundObject()
		gesture.send()
		core.callLater(300, self.duba, taga)

	def duba(self, taga):
		yanzu = api.getForegroundObject()
		if yanzu != taga:
			return
		if "*" in (yanzu.name or ""):
			ui.message("Ba a ajiye ba")
		else:
			ui.message("An ajiye")
```

Layin @script yana nan a samansa kamar da. Lambar 300 milisakan ce, wato ƙasa da sulusin daƙiƙa. Jiran ya zama dole domin gesture.send ba ya tsayawa sai manhajar ta gama, aikawa kawai yake yi ya wuce. Idan kin duba nan take, tsohon yanayi za ki gani. Idan manhajarku mai nauyi ce ko tana ajiya a wata kwamfuta ta nesa, ki ƙara lambar har ki daina jin "Ba a ajiye ba" na ƙarya. Kada ki yi jiran da time.sleep, duk da shi za ki fi cin karo da shi a darussan Python. Sikirif yana gudana ne a kan babban layin aikin NVDA, idan kin kwantar da shi kin kwantar da NVDA gaba ɗaya, ba magana ba amsa madanni har ya farka. Shi core.callLater alƙawari ne: ci gaba da aikinki, ki dawo nan bayan lokaci kaza.

Kwatanta taga da yanzu kuma yana da dalili. Idan sabon fayil ne, Control da S zai buɗe tagar neman suna. Takenta ba shi da tauraro, don haka ba tare da wannan layin ba sikirif zai ce an ajiye alhali ana jiran ki. Idan taga ta sauya, gara ya yi shiru ya bar NVDA ta karanta sabuwar tagar, ko ta suna ce ko ta kuskure.

Akwai hanyar da ta fi ƙidayar lokaci tsafta, ita ce sauraron sanarwa. A cikin appModule ana iya rubuta event_nameChange ko event_stateChange ko event_valueChange, NVDA ta kira su da kanta duk lokacin da suna ko yanayi ko ƙima ta canza. Ba zato, ba jira. Sharaɗi biyu ne: manhajar ta kasance tana aika sanarwar, kuma ki kira nextHandler a ƙarshe don kada ki toshe abin da NVDA ta saba yi. Ni nakan fara da callLater don in tabbatar shaidar tana nan, daga baya in mayar da shi sauraron sanarwa idan manhajar ta ba da hali.

Control da C, da dalilin gudun globalPlugin

Kwafi yana kama da mafi sauƙi, amma ya fi ajiya tarko. Za ki so ya yi magana ko'ina, sai ki sa shi a globalPlugin. To NVDA tana neman mai madanni ne bi da bi: globalPlugin tukuna, sai appModule, sai yanayin karanta shafi, sai abin da kike kai, a ƙarshe umarnanta na gama-gari. Wanda aka fara samu shi ya ci. A shafin intanet, rubutun da kika zaɓa da Shift da kibiya yana cikin kwafin shafin da NVDA take riƙe da shi ne, kuma ita ce take yin kwafin da kanta, har ta sanar. Idan sikirif ɗinki ya riga ta karɓe Control da C ya miƙa wa burauza, burauzar ba ta ga an zaɓi komai ba, ba abin da zai shiga ma'ajiyar kwafi, ke kuma kin ji "An kwafa". Sannan a tagar umarni ta Windows, Control da C yakan zama katse shirin da yake gudana, ba kwafi ba.

Shaidar kwafi ma sai an yi dabara. Ana iya karanta ma'ajiyar da api.getClipData kafin da bayan dannawa a kwatanta, amma idan kin kwafi abu ɗaya sau biyu ba za a ga bambanci ba, idan kuma fayil ne ko hoto ba rubutu ba, kiran zai ba da kuskure. Windows tana da wata lamba da take ƙaruwa duk lokacin da abin da ke ma'ajiyar ya sauya, ana samun ta da GetClipboardSequenceNumber. Ita ce shaida mafi aminci. Duk wannan ne ya sa na ce ki bar wa Clipspeak kwafi, ki kashe ƙarfinki a kan madannan da ba wanda zai rubuta miki.

Me za ta faɗa

Kalma biyu sun isa, kuma mai muhimmancin ta zo farko, domin danna madanni na gaba yana katse magana. "Kashe, makirufo" ya fi "Yanzu makirufo ɗinki yana kashe" amfani ga mai sauri. Abin da kike yi sau da yawa a yini ma ba ya son kalma. Da tones.beep ana ba da mita da tsawon lokaci, misali 880 da 50 idan ya yiwu, 220 da 150 idan ya ƙi. Ni ga aikin maimaici nakan sa sauti idan an dace, magana kuma idan an samu matsala kaɗai. Sai dai mai dogaro da birel ba ya samun komai daga sauti, idan za ki ba wasu sikirif ɗin ki tuna da su.

Za ki iya rubuta saƙon da Hausa kamar yadda na yi, amma muryar Turanci da lafazin Turanci za ta karanta shi, kuma takan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Ki zaɓi kalmomin da take furtawa a gane, ko ki gyara mata su a ƙamus ɗin furuci. Ki tabbata kin ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8, wato tsarin ajiyar haruffa da yake ɗaukar irin su ƙ da ɗ da ɓ.

A kwamfutar JAWS

Tunanin ɗaya ne, harshen ne daban, domin JAWS tana da nata harshen sikirif. Kina cikin manhajar aiki ki danna Insert da 0, Script Manager zai buɗe da fayil mai sunan manhajar, mai ƙarewa da jss. Control da E yana buɗe tagar sabon sikirif, inda za ki ba shi suna, ki ce ana iya ɗaure shi ga madanni, ki danna madannin.

```
Script Ajiye ()
TypeCurrentScriptKey ()
Pause ()
SayMessage (OT_STATUS, "An ajiye aikin", "An ajiye")
EndScript
```

TypeCurrentScriptKey shi ne takwaran gesture.send. SayMessage yana karɓar dogon saƙo da gajere, JAWS ta zaɓa gwargwadon matakin yawan magana da aka saita. Idan ya ce bai san OT_STATUS ba, ki sa Include "hjconst.jsh" a saman fayil. Control da S yana ajiyewa ya kuma haɗa fayil ɗin jsb da JAWS take aiki da shi, madannin kuma yana zama a fayil ɗin jkm. Wannan misali ma bai duba komai ba tukuna, sai kin ƙara masa karanta taken taga, jiran kuma da ScheduleFunction. Kada ki taɓa fayil ɗin default na kowa da kowa, musamman a kwamfutar da wasu ke amfani da ita, kuma ki nemi izinin mai kula da kwamfutocin kafin ki sa komai.

Iyakar abin

Idan sikirif ya ƙi aiki a NVDA, ki buɗe Log Viewer a Tools ki gangara ƙasa, kuskuren yana nan da lambar layi. Idan wani madanni ya rikice kina tsakiyar aiki, NVDA da F2 yana barin madanni na gaba ya wuce ba tare da ta taɓa shi ba, a JAWS kuma Insert da 3. Idan NVDA ta zo da nata appModule na wannan manhajar, naki zai danne shi, sai kin shigo da nata daga nvdaBuiltin kin ɗora naki a kai. Fitowar farko ta kowace shekara ita ce wadda NV Access, ƙungiyar da take yin NVDA, take iya sauya abubuwan da sikirif ke dogara da su, don haka ki sake gwada naki bayan ta. Kuma NVDA ta kan filashi ba ta iya aiki da manhajar da aka buɗe da ikon mai kula da kwamfuta, sai wadda aka girka.

Babbar iyaka ita ce manhajar da take zana komai da kanta a allo ba ta ba Windows labari. A can take ba ya canzawa, layin ƙasa ba ya karantuwa, NVDA da F1 ba ya nuna komai mai amfani. Sikirif ba ya ƙirƙiro labarin da ba a bayar ba. Wani lokaci ana zagayawa ta baya, misali a duba lokacin da aka yi wa fayil ɗin gyara na ƙarshe a faifai, idan kin san inda yake. Akwai kuma NVDA da R, da yake karanta hoton allo da fasahar gane rubutu ta Windows, yana da amfani wajen dubawa da hannu amma ya yi jinkiri a ɗaura shi ga kowace dannawa. Idan duk sun faskara, ki sa saƙon ya tsaya a kan abin da aka tabbatar, ya ce "An danna ajiya" maimakon "An ajiye", sannan ki rubuta wa masu manhajar ki gaya musu takamaimai wane madanni ne, wane sakamako ne ba ya isa ga manhajar karanta allo, da wace fitowar NVDA ko JAWS kika gwada.